Ɗan Wane Ne? Gidajen Marayu na 'Yan Mishan da Tambayar da Ƙasar Kurfai Za Ta Yi Musu

Akwai wani hoto da masu zuwa majami'u a Amurka da Turai suka daɗe suna gani. Miji da mata ne, sun baro gida da dangi, suna tsaye a wata ƙasa mai zafin rana, yara talatin ko arba'in sun kewaye su. A ƙasan hoton akan rubuta cewa a titi aka tsinto yaran, ba su da kowa. Hoton yana tara kuɗi, kuma bayansa akwai aiki na gaske. George Müller da matarsa Mary sun fara da 'yan mata talatin a gidansu na Bristol, a Ingila, cikin 1836, kafin ya rasu a 1898 yara fiye da dubu goma sun bi ta gidajen da ya kafa. Rolland da Heidi Baker, Amurkawa, sun sauka Mozambik a 1995, ƙasar tana farfaɗowa daga yaƙin basasa, suka karɓi wani gidan marayu na gwamnati da ya lalace a Chihango kusa da Maputo. A Kenya, Charles Mulli, wanda iyayensa suka tafi suka bar shi yana ƙarami, ya sayar da dukiyarsa a 1989, shi da matarsa Esther suka buɗe ƙofa ga yaran titi. Wanda ya ce mutanen nan ba su ceci rayuka ba, bai yi musu adalci ba.

Gardamar tana cikin rubutun da ke ƙasan hoton. A ƙasar Hausa, yaron da ake gani a tasha da tsumma a jiki da roba a hannu, da wuya a ce ba shi da kowa. Yana da uba a ƙauye, ko kawu, ko kaka mai ƙidaya watannin da ya yi bai leƙo gida ba. Abin da danginsa suka rasa hatsi ne. Gidan marayun da aka gina bisa zaton cewa yaron ba shi da mutane, ko da niyyar masu shi ta kai fari kamar nono, ƙarshensa shi ne ya raba yaro da abin da ya rage masa.

Ƙasar Kurfai wuri ne mai kyau na gwada wannan magana, domin ta san maraici ta kowace fuska. Filinge, babban garinta, yana wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, cikin kwarin Dallol Bosso, inda Kurfayawa manoman gero suke maƙwabtaka da Zabarmawan Tondikandiya, da Buzayen Imanan da Tagazar, da Fulani makiyaya. Yunwar 1931, wadda fara ta fara ta, haraji da aikin tilas na Faransawa suka ƙarasa ta, ta watsa ƙauyuka a yammacin Nijar, kuma masana tarihi irin su André Salifou da Finn Fuglestad sun bi diddiginta. Aka sake shan ta a 1973 zuwa 1974, da 1984, da 2005. Yanzu kuma bindiga ce. Tun 2012 Abala take karɓar 'yan gudun hijira daga Mali. A Janairun 2020 an kashe sojoji 89 a Shinagodar. A Maris na 2021 an tare 'yan kasuwa masu komawa gida daga Banibangu aka kashe mutum 58. Akasarin waɗanda ake kashewa a irin waɗannan hare-hare magidanta ne, kuma ɗaruruwan makarantu sun rufe a jahar Tillaberi. In akwai ƙasar da mai neman marayu zai cika ɗakuna cikin mako guda, wannan ce.

To, a ina waɗannan yara suke kwana? Kusan dukansu a gidajen dangi. Idan magidanci ya rasu, matarsa ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, manya sukan zauna. Ƙanin uba ko wansa ya ɗauki mazan da suka tasa, masu shan mama da na goye su zauna wurin uwa, in ta yi wani aure kaka ta karɓa. Fiƙihun Malikiyya, wanda malaman yankin suke bi, ya tsara haka dalla-dalla: reno na uwa ne, bayanta sai uwar uwa, sannan a bi layin dangi. Riƙo ma ba don maraya kaɗai aka yi shi ba. Ɗan fari yakan tashi a ɗakin kaka saboda kunya, gwaggon da Allah bai ba haihuwa ba a ba ta ɗiyar ƙaninta, yaron da aka kai yaye wani lokaci ya zarce can. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta haihu ba, amma ta reni 'ya'yan dangi har ta aurar. Wannan tsari shi ne ya ɗauki nauyin marayun kowace yunwa da aka ambata, ba tare da ofis ko mota ko rahoton shekara ba.

Ba a ce riƙo aljanna ba ne. Kowa ya san 'yar riƙon da take fara tashi, take ƙarshen kwanciya, ita ce surfe, ita ce rijiya, ita ce talla, ita ake fara cirewa daga lakwal in kuɗi sun yi wuya, ita ake gaggawar aurarwa. Kowa ya san baffan da ya haɗe gonar marayu da tasa, ya ce sai sun girma, suka girma bai sake ta da zancen ba. Yawan wa'azin da malamai suke yi kan cin dukiyar maraya shi kansa shaida ne cewa ana ci. Duk da haka ɗan riƙo, ko a gidan da ba a kyautata masa, yana riƙe da sunan ubansa. An san gonar da yake da rabo a ciki. Ran da ya isa aure akwai wanda zai ɗauki goro ya je nema masa, kuma in dangin yarinya suka tambayi asalinsa akwai amsa.

Yaran titi na birane kuwa labarinsu ya fi fitowa fili. Hannah Hoechner, wadda ta yi bincike cikin almajiran Kano ta fitar da littafi a 2018, ta nuna cewa iyaye ne suke kai su da hannunsu, da niyyar karatu da tarbiyya, wani lokaci kuma don a rage bakin ci a gida lokacin rani. A Oktoban 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, yawancinsu daga wajen Kance a jahar Damagaram. Tare da iyayensu mata da 'yan uwa suka kama hanyar. A Maris na 2022 gwamnatin Nijar ta kwaso mabarata fiye da dubu daga Dakar a jirgin sama, yara sun fi yawa, kuma bayan kowane rukuni akwai uwa ko wata babba ta dangi. Abin takaici ne ƙwarai, amma talauci ne da bara da ta zama sana'a. Baturen da ya sauka yau ya ga yaro yana kwana a rumfar kasuwa, idonsa ba zai bambance almajiri da ɗan ci-rani da wanda ya gudo daga duka ba.

Akwai dai yaran da da gaske ba su da mai cewa nawa ne, kuma nan ne masu sukar 'yan mishan ya kamata su sassauta murya. Jaririn da aka yar a kwali bayan gari saboda an same shi ba aure. Ɗan matar da ta samu taɓin hankali tana yawo a kasuwa. Jinjirin da uwarsa ta rasu wurin haihuwa, ba mai shayarwa, ba kuɗin madarar gwangwani. Littattafan Malikiyya sun yi magana a kan tsintaccen yaro: ɗaukarsa farilla ce a kan jama'a, ɗa ne ba bawa ba, ciyar da shi daga baitulmali, kuma ana ɗaukarsa Musulmi in a garin Musulmi aka tsince shi. Hukuncin yana nan a rubuce, baitulmalin ne babu. Ana cewa ɗa na kowa ne, amma jaririn kwali yakan kwana a ofishin 'yan sanda ana neman wanda zai karɓa. Al'ummar da ta bar wannan giɓi ba ta da bakin yin fushi in wani ya zo ya cike shi.

Tarihi ya nuna tun farko a wannan giɓin ake karo. Da Turawan Ingila suka ci Arewacin Najeriya, sun riƙa tare ayarin fatake suna ƙwace yaran da aka kamo bayi, waɗanda da yawansu ba su ma san sunan garinsu ba. Gwamnatin Lugga ta buɗe musu gida a Zungeru. A 1909 aka miƙa yaran ga mishan ɗin SUM, wadda ta gina gida a Rumasha a bakin Binuwai da sunan Lucy Kumm, matar Karl Kumm, wadda ta rasu a 1906 bayan ita da mijinta sun kafa ƙungiyar. Gidan ya koma Wukari daga baya, ya rufe a 1925, kuma daga cikin yaransa aka samu malamai da masu bishara na farko a yankin. Waɗannan yara kam an yanke su daga asalinsu tun kafin mishan ta gan su. Amma da aikin ya shigo cikin masarautu, inda yara suke da iyaye da sarki da alƙali, sai zance ya sake. A shekarun 1930 aka ba mishan riƙon asibitocin kutare, Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato, kuma kamar yadda Shobana Shankar ta nuna a littafinta na 2014, 'ya'yan majinyata da yaran da suka warke suna cikin Hausawan farko da suka shiga Kiristanci ta wannan hanya. Sarakuna suka yi ƙorafi, har hukumar mulkin mallaka ta sa ƙa'idar hana koya wa ɗan Musulmi wani addini kafin ya kai shekara 18. A ɓangaren Faransa, mishan ɗin SIM ta shiga Damagaram a 1924, ta zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Barbara Cooper, a bincikenta kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna cewa magani ne ya buɗe wa mishan ƙofofin da wa'azin kasuwa ya kasa buɗewa.

Shari'ar da ta fi bayyana wannan rikici a zamaninmu a Kano aka yi ta, kuma ma'auratan ba Turawa ba ne. Farfesa Solomon Tarfa da matarsa Mercy sun kafa gidan Du Merci a 1996. Bayaninsu shi ne suna karɓar 'yan matan da suka yi ciki ba aure, su hana su zubarwa, su reni jariran da dangi suka ƙi. Ran 25 ga Disamban 2019 'yan sanda da jami'an hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane suka shiga gidan suka kwashe yara 19, bayan kwana shida aka kwaso 8 daga reshen Kaduna, aka kai su gidan yara na gwamnati da ke Nassarawa. Aka tuhumi Tarfa da satar yara. Ya yi kusan shekara a tsare, babbar kotun Kano ta wanke shi daga wannan tuhuma a Yunin 2021, aka ɗaure shi shekara biyu a Maris na 2022 kan zargin jabun takardar rajista, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a Janairun 2023. Bayan duk wannan, yara fiye da goma suka ci gaba da zama a hannun gwamnati, ƙungiyoyin Kirista suna zargin an sake wa ƙananan suna an raba su da addinin da suka tashi a ciki.

Ba za a gane zafin samamen ba sai an tuna abin da ya faru wata biyu kafinsa. A Oktoban 2019 'yan sanda suka sanar da gano yara tara 'yan Kano da aka sace aka sayar a Anaca, an sake musu suna da addini. Jagoran masu satar, Paul Owne, an yanke masa ɗaurin shekara 104 a 2021. Laifin Anaca ba na Du Merci ba ne, kotu ma ba ta samu Tarfa da satar kowa ba. Amma garin yana cikin fushi, kuma gidan da yake tara yaran da ba a san iyayensu a fili ba shi ne zai fara shan zargi. Abin lura a nan shi ne kowane ɓangare yana zargin ɗayan da laifi iri ɗaya, wato sauya wa yaro suna da addini a bayan katanga. Da akwai rajista guda wadda hukuma da masu gidan suka yarda da ita, mai nuna ranar da aka kawo kowane yaro, da wanda ya kawo shi, da alƙalin da ya sa hannu, da shari'ar ba ta ci shekara uku ba. Yaran ne suka biya kuɗin rashinta, wasunsu da shekarun makaranta. A Yamai ma, cikin tarzomar Janairun 2015 kan zanen jaridar Charlie Hebdo, lissafin 'yan sanda na abin da aka ƙone ya haɗa da majami'u 45 da makarantar Kirista da gidan marayu guda. Yaran wannan gida ba su zana kome ba.

Binciken masana bai tsaya gefe guda ba, kuma ya kamata a faɗi haka. A Rumaniya, daga shekarar 2000, an bi yara 136 na gidajen marayu a Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka mayar sun fi ci gaba a kaifin hankali da shaƙuwa da mai reno, musamman in an fitar da su kafin shekara biyu. Amma a 2009 Kathryn Whetten da abokan aikinta suka duba yara 'yan shekara 6 zuwa 12 a ƙasashe biyar matalauta, har da Kenya da Habasha da Tanzaniya, suka ga na gidajen marayu ba su gaza waɗanda ke hannun dangi ba a lafiya da karatu. Idan aka haɗa biyun, abin da ya fito shi ne jariri yana bukatar hannu ɗaya da ya sani, babban yaro kuma zai iya samun abinci da boko mafi kyau a gida mai tsari fiye da ɗakin kakar da ba ta da tiya guda. Sai dai ma'aunin masu binciken tsawo ne da nauyi da jarrabawa. Bai kai ga ranar rabon gado ba, bai kai ga ranar neman aure ba, kuma a Kurfai waɗannan ranaku biyu ne suke nuna matsayin mutum.

Sannan ga zancen kuɗi. Mai bayarwa a Ohayo ko Hamburg ya fi saurin buɗe jaka don gado da bargo da hoton yaro mai suna, fiye da buhun gero da za a kai wa wata tsohuwa a ƙauyen Shikal. Saboda haka gado in an saya sai an cika shi. Ƙungiyar Save the Children ta ƙiyasta a 2009 cewa huɗu cikin biyar na yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye. Mafi munin misali ya faru a maƙwabta: a Oktoban 2007 aka kama 'yan ƙungiyar L'Arche de Zoé, wadda ba ta coci ba ce, a Abeshe ta Cadi, suna shirin tashi da yara 103 zuwa Faransa da sunan marayun Darfur, alhali yawancinsu 'yan Cadi ne masu iyaye. A Janairun 2010 aka tare 'yan Baftis goma daga Amurka a iyakar Haiti da yara 33, su ma akasarinsu da iyayensu. Iyayen da aka tambaya a wuraren biyu kusan amsa ɗaya suka bayar, cewa an yi musu alkawarin makaranta. Dalilin irin wannan ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na 2009, masu cewa talauci kaɗai ba hujja ba ce ta raba yaro da danginsa. Sashe na 20 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar da Najeriya suka amince da ita, ya ambaci kafala ta Musulunci da sunanta, ya kuma nemi a kula da addinin yaro da harshensa da al'adarsa wajen zaɓa masa mazauni.

Gidan da ya dogara ga miji da mata yana da wani rauni nasa. Mutum biyu suna tsufa, suna ciwo, cocin da yake aiko da kuɗi yana sake shugabanni. A Nijar ta yau kuma akwai abin da ya fi wannan. An sace ɗan mishan Jeffery Woodke a Abalak a 2016, bai fito ba sai 2023. An sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomowanga a 2018, ya yi shekara biyu a hannu. Tun juyin mulkin Yulin 2023 hukumomi sun ƙara matsa wa ƙungiyoyin waje, sun janye izinin ACTED a 2024, sun sallami ƙungiyar Red Cross ta duniya a 2025. Baƙo farar fata ba zai iya kafa gida a Filinge ko Abala yanzu ba, sai a Yamai. Ma'anar haka ita ce marayan Kurfai da ya shiga irin wannan gida zai tashi nesa da gonar ubansa, da Faransanci a baki, ƙannen ubansa suna noma rabonsa shekara goma sha biyar ba su gan shi ba. Ran da ya cika 18 aka sallame shi da takardar shaida da akwati, zai koma garin da yara suke tambayar ko shi wane ne.

Asibitin Galmi ya wuce shekara saba'in a tsakiyar Musulmi, Hausawa da Buzaye da Fulani suna cika harabarsa, har daga Najeriya. Kowa ya san na mishan ne, kowa ya san ana wa'azi a ciki. Abin da ya sa aka yarda da shi shi ne majinyaci yana zuwa da mai jinyarsa, in ya warke ya koma gida. Ma'auratan da suke son taimakon yaran Kurfai, baƙi ne ko 'yan ƙasa, Kirista ne ko Musulmi, wannan tsari ya fi dacewa da su. Jaririn da uwarsa ta rasu a riƙe shi tare da gwaggonsa ko kakarsa har ya kai yaye, a sallame su da madara da awon wata-wata. Matar da aka kashe mijinta a hanyar kasuwa a ba ta awaki da kuɗin lakwal na yara, kuɗin da bai kai na gado ɗaya a gidan marayu ba. Ɗakin kwana a bar shi ga 'yan kaɗan ɗin nan da aka nemi danginsu aka rasa, ko waɗanda komawarsu gida haɗari ne, kuma kada a karɓi ko ɗaya sai da sanin maigari da sa hannun alƙalin yara, wanda dokar Nijar ta tanada tun 1999.

Nauyi mafi girma yana kan hukuma, kuma shi ne mafi araha. Yara da yawa a ƙauyukan Tillaberi ba su da takardar haihuwa, waɗanda suka gudo daga hari kuma sun baro 'yar wadda suke da ita a ɗakin da aka ƙone. Kotunan tafi-da-gidanka da ake shiryawa lokaci-lokaci don ba da takardun maye suna aiki, amma akan ta da su ne in zaɓe ko jarrabawa ta matso. Ya kamata su bi sansanonin Abala da unguwannin 'yan gudun hijira na Filinge da Balleyara tun yanzu, tun dattawan da suka san wane ya haifi wane, da iyakar gonar kowa, suna da rai suna iya ba da shaida.